Shafi na Ɗari Biyu da Uku

Saura kwana goma sha biyu a yi wa ƙanwata aikin zuciya ta zo ta same ni a sabon ɗakina. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado tana haki, ta ƙare wa ɗakin kallo kamar wadda aka aiko duba gidan haya.

"Yaya, ina matar nan?"

"Wace mata?"

"Ta cikin littafi. Wadda kika ce kamar Inna. Kin ce wata rana za ki karanta mini."

Na faɗa, ba zan musa ba. Shekara ashirin da takwas ke nan da faɗa. Auta tela ce, ba ta karanta komai sai awon ƙugu da kafaɗa, amma ba ta mantuwa. Tana da shekara biyu mahaifiyarmu ta rasu, ni ina da tara. Babu hoto ko ɗaya. Duk abin da Auta ta sani game da Inna daga bakina ta ji, ni kuwa na daɗe ina maimaita abu uku: doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da tabo a gwiwar hannu. Ko mai neman ɓataccen akuya yana ba da bayanin da ya fi wannan.

"Me ya tuno miki da ita yanzu?" na tambaya.

"Idan likitocin nan suka kwantar da ni ban farka ba, ai gara in san wadda zan nema a can. Kar in je in rungume uwar wasu."

"Rufe mini baki."

"To karanta mini, sai in rufe."

Na ce mata wannan abu ne mai sauƙi, ta ba ni minti biyar. Na faɗa da irin muryar da na yi shekaru ina tsorata ɗalibai da ita, domin ni mace ce mai tsari.

Dole in bayyana tsarin, ko da yake babu wanda ya taɓa zama kusa da ni ya tashi bai ji shi ba. Shekara arba'in da ɗaya, duk littafin da ya shigo hannuna sai in buɗe bangonsa ta ciki in rubuta lamba da fensir, 'yar ƙarama, a lungun sama. Lambar jerin karatu ce kawai: wanda na fara karantawa ɗaya, na biye da shi biyu, har dubu ɗaya da ɗari tara da 'yan kai. A kan kantocin littattafai ma haka suke jere, littafin lissafi kusa da na soyayya, idan haka suka zo mini. Ban da lambar nan ba na taɓa littafi da rubutu. Tunanin da ya zo mini ina cikin karatu, kati yake hawa. Farin kati mai girman tafin hannu, lambar littafi a sama, lambar shafi a ƙasanta, sai kalmomin da ba su wuce bakwai ba.

Bakwai ɗin nan ni na ƙirƙiro ta, kuma na yi alfahari da ita fiye da yadda na yi da digirina. A kwalejin horar da malamai inda na koyar, ban bar kowace shawara ta masana karatu da rai ba. Masu cewa a ja layi ƙarƙashin muhimman wurare, na ce su nuna mini ɗalibin da ya san muhimmin wuri kafin ya gama littafin. Masu cewa a karanta littafi ɗaya kowane mako, na ce haka ake shan maganin tsutsar ciki. Masu kwafe dogayen jimloli a littafin rubutu kuwa su na fi yi wa dariya. Nakan ce hannu ne yake aiki, kai yana barci. Kati nuni yake yi, littafi yana nan, me za ki kwafa? Na tuhumi kowa da komai. Abu ɗaya ne ban taɓa tuhuma ba, kun kuma riga kun san ko mene ne.

Wata uku kafin zuwan Auta, gwiwoyina suka ƙi benen da nake zaune, 'yata ta ce in koma gidanta. Ita mai haɗa magani ce, ba ta yarda da komai sai ta auna. Ta zo da tef, ta auna kantocin littattafai, ta auna kabad ɗin katunan mai durowa ashirin da huɗu, ta rubuta a bayan hannunta.

"Mama, ɗakin ba zai ɗauki duka ba. Ko littattafai ko kabad. In an sa littattafai ma sai rabi."

"Kabad."

"Ki yi tunani dai."

"Na yi tunanin tun ba a haife ki ba. Littafi kowa yana iya samu. Abin da ke cikin kabad ɗin nan shi ne abin da na tatsa."

"Ni dai na ga kamar..."

"Ke da kike ba mutane ƙwaya, kina haɗa musu da itacen da aka ciro ta?"

Ta naɗe tef ɗinta. Na ji daɗin wannan amsa har na maimaita wa mijinta da ya zo ɗaukar kaya. Littattafan kuwa aka loda su a mota aka kai laburaren gari kyauta, har suka aiko mini da takardar godiya mai hatimi.

To, ga ni gaban kabad, Auta na bayana tana fifita da gefen mayafi. Ban sha wahala ba, domin katunan da suka shafi dangi ina yi musu jan ɗigo a kusurwa. Durowa ta takwas, na zaro shi. Rubutuna ne na lokacin da hannu bai fara rawa ba, tsaf kamar na inji.

614. Shafi na 203. Kamar Inna.

Na juya bayansa. Fari fat.

"Karanta mana," in ji Auta.

"Na karanta."

"Ban ji ba."

"Kamar Inna."

"Eh, ita. Me ta yi?"

Na tsaya da kati a hannu. An ba ni kalma bakwai, ni na ba kaina, na yi amfani da biyu na adana biyar, ban san wa na ajiye wa su ba. Ban tuna sunan littafin ba, ban tuna wanda ya rubuta ba, ban tuna matar ba. Na jawo durowa ta gaba, na zari katuna kamar mai neman takardar asibiti. Shafi na 88, gaskiya ne. Shafi na 140, ƙarya yake yi. Shafi na 31, duba wannan da kyau. Katuna kusan dubu talatin, kowanne ya miƙa yatsa yana nuna bangon da babu komai a jikinsa sai kalandar kantin magani.

Auta ta leƙo ta kafaɗata. Ta karanta a hankali, tana bin kalmomin da farce, sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafe ƙirji.

"Yaya! Wato tikitin kika riƙe, kika ba da kayan?"

"Kar ki yi dariya, zuciyarki."

"Bar ni, in ma yanzu ta tsaya na mutu da daɗi."

Na roƙe ta kada ta gaya wa 'yata. Ta yi alkawari, ta kuma cika shi har zuwa ƙofar kicin.

Washegari da safe na saka katunan littafi na 614 a jaka, guda huɗu ne, na tafi laburare. A hanya na shirya abin da zan faɗa: na zo ne in ga yadda suka kula da kyautata. Lissafina mai sauƙi ne, in ƙirga daga farkon kanta zuwa na ɗari shida da sha huɗu.

Mai kula da laburaren wani mutum ne mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Da na faɗi ko ni wace ce ya miƙe tsaye, ya kawo kujera, ya share ta da hannun riga.

"Mama, ai kin yi mana gata. Sati shida muka yi muna aikinsu. Da suka zo a hargitse suke, na tarihi cikin na noma, na waƙa cikin na kiwon lafiya. Duk mun raba su, kowanne ya koma fanninsa."

"A hargitse," na ce.

"Wallahi kamar an zubo su daga buhu."

Na haɗiye wannan. Na ɗauki littafi ɗaya daga kanta mafi kusa, nawa ne, na gane shi da tabon shayi a gefe. Na buɗe bango. A lungun sama, daidai inda lambata take, an manna ɗan aljihun takarda mai ɗauke da katin aro. Na ɗauki na biyu, haka. Na goma, haka. Na sa farce a gefen takardar.

"A'a, Mama! Gam ne mai ƙarfi, da bangon zai taso."

"Akwai lamba a ƙarƙashi."

"Mun gani. Mun ɗauka ta mai shago ce."

Na koma na zauna a kujerar da ya share. Ba ni da kundin da ya haɗa lamba da sunan littafi. Ban taɓa buƙatarsa ba, kantar ce kundin. Na taɓa korar ɗaliba daga aji saboda ta tambaye ni me zai faru in an yi gobara.

Ban ga amfanin ci gaba da rufa-rufa ba. Na gaya masa komai, har da ranar aikin Auta. Bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ce in nuna masa katunan. Na shimfiɗa su a teburinsa.

Shafi na 12, ruwan sama ya yi yawa. Shafi na 57, jirgin ya makara, marubucin yana da wayo. Shafi na 203, kamar Inna. Shafi na 260, ƙarshen ya yi gaggawa.

Ya gyara zaren tabarau. "Ruwa a farko, jirgi ya makara... Ai wannan na mai kula da tashar jirgin ƙasa ne, wanda ɗansa ya gudu ya bar makaranta. Ƙarshen kam ya yi gaggawa, kin yi gaskiya."

"Ka karanta?"

"Watan jiya. In babu mutane nakan kishingiɗa a bencin can."

"Kana rubuta wani abu in kana karatu?"

"Rubutu kuma? A'a. Ni dai karantawa nake yi."

Ya shiga tsakanin kantoci ya dawo da shi cikin minti ɗaya, yana ba ni labarin ƙanen mai tashar da yadda yake satar kwal ɗin jirgi. Littafi ne mai shuɗin bango da ya koɗe. Na karɓa kamar ban taɓa ganinsa ba, domin a gaskiya ban ji na taɓa ganinsa ba.

Ban jira na isa gida ba. Nan a tsaye na buɗe shafi na ɗari biyu da uku. Na karanta daga sama har ƙasa. Wani saurayi ya shigo tsakar gida da jaka. Ana maganar makullin sito da ya ɓata. Kaza ta hau taga an kore ta. Wata mata tana goge gilashin fitila. Ba a ce doguwa ce ba, ba a ambaci tabo ba, ko magana ba ta yi ba. Na sake karantawa, na duba shafin da ke gabansa da na bayansa ko na yi kuskuren lamba, ni da ban taɓa kuskuren lamba ba. Babu Inna. Wata mata mai shekara arba'in da shida ta ga uwarta a wannan shafin, ta bar mini saƙo, ta tafi da abin da ta gani.

"Ba ki samu ba?" in ji mai laburare.

"Ban samu ba."

"Ni dai a ganina sai an taho da shi tun daga farko. Ki ara mana. Sati biyu ne."

Ya ba ni fom na cike: suna, adireshi, sana'a. Ya buga wa littafina hatimi, ya gargaɗe ni da ladabi cewa ba a rubutu a ciki.

Daga can shagon Auta na wuce. Likita ya hana ta taka keken ɗinki, saboda haka tana zaune a kan tabarma a bayan shago tana farke ɗinkin da ya karkace. Na gaya mata gaskiya: ga littafin, ga shafin, ban ga kowa a ciki ba.

"To fara daga farko."

"Shafi ɗari biyu ne, Auta."

"Ina da kwana goma sha ɗaya. Ke kina da wani aiki ne?"

Haka muka fara. Kullum da hantsi in zo, in zauna a kan buhun ƙyallaye, in karanta shafi ashirin da biyar ko talatin kafin muryata ta dushe. Ranar farko na fito da sababbin katuna da fensir na ajiye a gefe. Auta ta miƙa hannu ta kwashe su, ta rubuta awon wata mata a kan na sama, ta cusa sauran ƙarƙashin cinyarta.

Ban taɓa ganin mai sauraro marar tarbiyya irinta ba. Ba ta bari a gama sakin layi. Ruwan saman da na yi wa kati ita ma ya dame ta: "Wai ba za a ɗauke ba ne? Shanyar mutane fa?" Ta tsani ƙanen mai tasha tun fitowarsa ta farko, ta ce irin masu kawo ɗinki ne ranar da za su sa. Da yaron ya saci kuɗin makaranta ya hau jirgi, ta jefar da reza ta ce, "Kai, ɗan nan, za ka kashe uwarka!" Na ce mata marubucin yana amfani da jirgin ne ya nuna rabuwar zamani biyu. Ta ce, "Yaya, yaro ya gudu, ke kina zancen zamani."

Abin kunya, ni ma ban san abin da zai faru ba. Littafin da na yi wa kati huɗu, na yanke wa ƙarshensa hukunci, ina juya shafi da bugun zuciya kamar 'yar aji uku. A rana ta huɗu na kama kaina ina leƙa shafin gobe a cikin mota, na rufe da sauri kamar wani zai kai ƙarata.

Uwar yaron ba ta cika fitowa ba. Tana can gefe, tana aiki. Da labarin guduwarsa ya zo ba ta yi kuka ba, ta ɗauke 'yar kujerar da yake zama a kai ta jingina ta da bango. Ya aiko wasiƙa, ta ba uban ya karanta, ta fita. Ya dawo bayan shekara biyu, uban ya yi faɗa ya huce, ƙanne suka yi murna, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Shafi arba'in yana gaishe ta tana amsa wa bango. In zai ci abinci a tsaye yake ci, ko a tsugune a bakin ƙofa.

"Wannan mata da taurin kai take," in ji Auta. "Ita ce?"

"Ban sani ba tukuna."

Rana ta takwas muka iso. Saurayin ya shigo tsakar gida da jaka, ya yanke shawarar sake tafiya tunda ba a son ganinsa. Ana cigiyar makullin sito. Kaza ta hau taga. Matar tana goge gilashin fitila. Sai ga wani ɗan layi da idona ya tsallake har sau biyu a laburare, domin a can ba shi da wani nauyi: ba ta ɗago kai ba, ta sa ƙafa ta turo 'yar kujerar zuwa inda yake tsaye.

Na daina karantawa. Na ji ƙarar ƙafar kujera a kan siminti, ba a cikin littafin ba.

"Yaya?"

"Haka take yi," na ce. "Ba ta iya cewa ya wuce ba. Ba ta taɓa faɗa da baki ba."

"Wa ta yi wa?"

"Ni. An bar mini ke in kula da ke, kina rarrafe. Na samu wani littafin makaranta na ɗan maƙwabta, na zauna a bayan ƙofa. Sai a bakin titi wani mai keke ya tsinto ki. Kwana biyu Inna ba ta yi mini magana ba, ko duka ba ta yi ba, na fi son dukan. A rana ta uku tana tsefe miki kai, ina raɓe a jikin bango, sai ta turo mini kujera da ƙafa. Ba ta dube ni ba. Ƙafar hagu. Tana da wani ɗan yatsa da ya hau kan ɗan'uwansa."

Wannan yatsan ban san ina da shi ba sai da na ji shi a bakina. Bayansa wasu suka biyo: yadda take hura iska ta hanci in dariya ta kusa kama ta, yadda take riƙe allura a leɓe tana ba da umarni da gira. Na yi ta zuba, ba tsari, ba lamba. Auta ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta miƙe ƙafarta ta hagu a kan tabarma, ta daɗe tana kallon yatsunta, dukansu a miƙe suke lafiya lau.

"Ashe tun ina rarrafe kike yar da ni saboda littafi," ta ce.

"Tun lokacin."

"Sake karanta wurin."

Na sake. Ta goge ido da ƙyallen wata baiwar Allah da ta kawo ɗinki, ta ja hanci.

"To na gane ta. In na ga doguwar mata ta ƙi kallona, sai in tsaya kusa in jira." Ta ɗauki rezarta. "Ya zauna?"

"Wa?"

"Yaron mana. Ta turo masa kujera, ga jaka a hannunsa. Ya zauna ko ya tafi?"

Na duba ƙasan shafin. A nan ya ƙare, maganar ta tsallaka zuwa na gaba.

"Wallahi ban sani ba," na ce.

"To me kike jira? Juya."